Akwatin Saƙo a Cikin Hular Baba

Kafin a kawo mana kwamfuta, kusan duk wasiƙar da za ta shigo yankinmu ta hannun mutum ɗaya take bi, shi ne shugaban ofishinmu. Ofishin aikin gona ne a Tudun Wada, ɗaki biyu da baranda, muna hulɗa da manoma tun daga Ƙofa da Ba'awa da Dangora har can Doguwa. Ni ce mai buga tafireta. Shugaban kuwa, mutanen gari Malamin Gona suke ce masa, ni Baba nake ce masa, don abokin mahaifina ne. Shi ya samo mini aikin bayan na gama sakandare, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba.

Ofishinmu yana da akwati a gidan waya, makullinsa kuma yana hannun Baba tun kafin in iya ɗaura zane. Da yake yawancin mutane ba su da nasu akwatin, sai kowa ya riƙa ba 'ya'yansa adireshinmu. Mai karatu a Zariya, da mai aikin soja a kudu, da wanda ya tafi Makka ya zauna, duk ta nan suke rubutowa gida. Ranar kasuwa Baba zai sa a fito masa da kujera baranda, ya zauna da wasiƙu a cinya, ya gyara tabarau, ya fara kiran suna. Wanda bai iya karatu ba ya karanta masa. Kuma Baba ba ya karanta wasiƙa yadda aka rubuta ta. Idan yaro ya manta bai gai da kawunsa ba, Baba zai sa gaisuwar da kansa. Idan ya rubuto magana mai zafi, Baba zai sirka ta kafin ta isa kunnen uwarsa. Na taɓa leƙa wata wasiƙa da ba ta cika rabin shafi ba, amma Baba ya yi ta karantawa har shayinsa ya huce. Mutane sun san yana ƙari, kuma suna so. Su durƙusa su gaishe shi, su tafi suna sa masa albarka, wani ya jingina masa rake a bango, wata ta aiko da ƙwaryar nono.

A ƙarshen shekarun casa'in manyanmu na babban ofis suka aiko mana da kwamfuta daga Kano, da janareta, da wata doguwar eriya da aka kafa a bayan ofis, wadda take kamo layin tarho idan ta ga dama. Ni aka tura Kano na koyo yadda ake sarrafa ta. Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne imel, wato wasiƙar da take biyo waya ta sauka cikin kwamfuta ba tare da ta taɓa hannun kowa ba. An kawo shi ne don mu riƙa aika rahoton taki da iri zuwa babban ofis. Amma labari ba ya zama wuri ɗaya a garinmu. Kafin a yi girbi, 'ya'yan gari da suke karatu a Sudan da Masar, da masu neman abinci a Jidda, duk sun samu adireshin, sun daina sayen kan sarki.

Nan ne abubuwa suka juya. Dattijo mai furfura sai ya wuce Baba a baranda da "sannu Malam" a tsaitsaye, ya shigo ya rusuna a gaban teburina yana cewa, "Ranki ya daɗe, ko yaron ya yi magana?" Ni da ko aure ban yi ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi, har na sayi sabon gyale na fara amsa gaisuwa da "yauwa" ta cikin hanci. Raken ma ya canja bango, ya dawo bayan kujerata. Baba kuwa yana zaune a baranda da 'yan wasiƙun da ba su fi a riƙe da yatsa biyu ba, yana ta gyara tabarau, babu wanda zai kira. Saura kaɗan ya yi ritaya. Mutum ne da ba shi da gonar kirki ko sarauta, girmansa duka a wannan kujerar yake, kuma ga shi yana kallon ana kwashe shi ana kai wa 'yar abokinsa.

Wata safiya ya shigo ya tsaya a kaina, hannu biyu a baya.

"Ke, wannan saƙon naki, idan ya zo ina yake sauka?"

"A akwatin saƙo, Baba." Na nuna masa a gilashin kwamfutar.

"To ina makullin?"

"Ba shi da makulli. Kalmar sirri ce da shi, idan kana so in gaya maka."

"Kalma?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Abin da ba a sa shi a aljihu shi ne makulli? Amanar jama'a tana kwana a akwati ba kwaɗo, ke kuma kina zaune kina cin gyaɗa. Wannan ai kwando ne, ba akwati ba."

Idan Baba ya fara ba a tare shi. Tsautsayi ya sa a lokacin na danna maɓalli na zaro ɗan faifan da nake adana rahoto a ciki. Masu shekaruna za su tuna shi, wani ɗan abu ne baƙi na roba, mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba, ana zura shi a wata 'yar ƙofa a gaban kwamfuta. Idon Baba ya bi shi har kan tebur.

"Wannan fa?"

"Faifai ne. Ana ajiye rubutu a ciki."

"Ana cire shi a tafi da shi?"

"Ana cirewa."

"To shi ke nan. Daga yau saƙo ya riƙa sauka a nan."

Na ce masa a Kano an ja mana kunne kada mu taɓa ma'ajiyar saƙo. Na ce faifan ƙarami ne, ba ya son zafi, ba ya son ruwa, ba ya son ƙura, kusan ba ya son komai na duniya. Ya bari na gama tsaf, sannan ya tambaye ni wa ya samo mini aikin nan. Na ja kujera.

Aikin kansa ba wuya. A cikin saitin manhajar imel ɗin akwai wani layi da yake faɗin inda saƙo zai sauka idan ya iso. Layin ya fara da harafin C, wato cikin kwamfutar kanta. Na goge na rubuta A, wato faifan da aka zura. Kwamfutar ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata, na ce a raina ke ma kin fi ni hankali, na danna e. Na rufe manhajar na sake buɗewa. Akwatin ya fito wayam, ko saƙo ɗaya babu. Na sake dubawa. Baba ya riƙe haɓa ya ce ai ya faɗa, an riga an shigo an kwashe. Sai da na yi gumi kafin na gane cewa tsofaffin saƙonnin suna nan lafiya a tsohon wurinsu. Mun tare a sabon gida ne mun bar kaya a tsohon. Na zauna na yi ta jidarsu, waɗanda faifan ya iya ɗauka ya ɗauka, sauran na bar su inda suke.

Saura wurin ajiya. Baba ya sa faifan a aljihu, ya tuna akwai goro. Ya buɗe durowa, ya tuna masinja yana share ɗakin. Sai ya cire hularsa, ya kwantar da faifan a ciki, ya mayar kansa. Haka dattawan zamaninsa suke yi da duk abin da ba sa so ya ɓata, takardar asibiti, katin allurar shanu, laya, duk a hula suke zama. Matsalar ita ce hula zagaye take, faifai kuwa kusurwa huɗu gare shi. Tun daga ranar hular Baba ta yi kafaɗu. Direban ofishinmu, wanda jikan ƙawar kakata ne kuma bakinsa ba ya shiru, ya ce yanzu ko a cikin taron Idi zai iya nuna Malamin Gona daga nesa.

Sabon tsari ya kankama. Baba ya sa aka jawo teburina kusa da ƙofa don na baranda su riƙa gani. Ranar kasuwa sai mutane sun taru ya iso. Ya yi sallama, ya cire hula a hankali, ya zaro faifan, ya hure shi, ya goge a hannun riga, ya yi bisimilla ya zura. Kwamfuta ta yi gurnani, ƙurrr, ƙur, ƙur, 'yar fitilarta tana ƙiftawa, tsofaffi suna gyaɗa kai. Ni in buga saƙonnin a takarda, shi ya kwashe ya fita baranda ya gyara tabarau. Girman da ya dawo masa ya fi wanda ya tafi. Gari ya ɗauka cewa Malamin Gona yana yawo da maganar mutanen Sudan a kansa. Na ji wata tsohuwa da kunnena tana tsawata wa jikokinta su daina ihu kusa da shi, kada su rikita saƙon ɗanta. Rake ya koma bangonsa na asali. Ni kuma na koma "ke yarinya", na ninke gyalena na ajiye don biki.

Wahalar kuwa ni nake shan ta. Idan Baba ya tafi ta'aziyya Doguwa, saƙo ya tafi ta'aziyya ke nan, manhajar ba za ta ko buɗe ba sai ta yi ta tambayar ina faifai. Babban ofis su yi ta aiko tambaya ba amsa, idan mai duba aiki ya zo ni zai harara. Wani ɗalibi a Masar ya aiko hotonsa sanye da rawani, hoton nan kaɗai ya cika faifan taf, duk wanda ya biyo bayansa ya rasa wurin sauka. Na kwana biyu ina jin haushin yaron da ban taɓa gani ba, shi da rawaninsa. Ga faifan kullum yana ƙamshin turare da man gashi. Wajen alwala Baba ba ya yarda kowa ya riƙe masa. Idan ya zo shafar kai sai ya ɗaga hular, ya matse faifan a hamata, ya shafa da sauri ya mayar. Wanzaminsa ya kawo ƙara wajen mahaifina cewa yanzu aski ɗaya yana cinye masa hantsi guda, saboda Malam yana rungume da hula a ƙirji yana cewa a kula da ruwan sabulu.

Cikin masu zuwa akwai wani Arɗo daga rugar da ke gefen dajin Falgore. Dogon tsoho ne, maganarsa kaɗan. Ɗansa ne na farko a rugarsu da ya yi nisa a karatu, har ya kai Sudan, kuma an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Arɗo yakan taso tun da asuba, ya yi tafiyar ƙasa zuwa bakin titi, ya hau motar masara. Ya zo ya zauna a ƙarshen benci da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Idan aka gama kiran suna ba nasa, ya ce "to, madalla", ya tashi.

Wata ranar damina da yamma layi ya kama, saƙonni suka sauka, na ga sunan ɗan Arɗo a ciki. Kafin in buɗe, man janareta ya ƙare, komai ya mutu. Baba ya yi murna kamar ɗansa ne. Nan take ya ba wani mai nono saƙo a gaya wa Arɗo ya zo gobe da sassafe. Ya zare faifan ya sa a hula, ya hau babur ya tafi Ƙofa barkar haihuwa. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, irin wanda ba ya barin ko bushasshen aljihu.

Da safe Arɗo ya riga kowa zuwa, da shi da ƙwaryar man shanu. Baba ya zaro faifan yana ɗiga. Ya goge, ya hure, ya zura. Kwamfuta ta yi tari, ta sake yin tari, ta rubuto cewa ba ta iya karanta shi. Kuma yadda abin yake, da zarar saƙo ya sauka a wajenmu, can Kano ba sa riƙe kwafinsa. Na gaya wa Baba haka a hankali.

Arɗo ya matso ya leƙa. "Ya jiƙe ne?"

"Ya ɗan taɓa ruwa," in ji Baba.

"To ai ko takarda ce idan ta jiƙe shanya ta ake yi."

Na buɗe baki, Baba ya harare ni. Aka shanya faifan a kan bonet ɗin mota, direba ya ɗora masa tsakuwa don kada iska ta ɗauke. Muka zauna muna gadinsa, manyan mutane, kamar masu shanyar barkono. Da rana ta take muka je ɗaukowa, muka tarar ya lanƙwashe, ko ƙofar kwamfutar ya ƙi shiga.

Na zaci Baba zai ƙirƙiro wani abu ya faɗa. Mutumin da yake mai da rabin shafi shafi uku, me zai gagare shi? Ashe ƙari yake iya yi, ba ya iya yin ƙarya daga babu. Ya tsaya a gaban Arɗo ba hula, ya ce, "Arɗo, saƙon ɗanka a hannuna ya lalace." Arɗo ya dubi ƙasa. Ya ce, "To, madalla." Ya ajiye man shanun duk da haka, ya ɗauki sandarsa. Na ji tausayin Arɗo, amma wallahi na fi jin tausayin wanda aka bar wa man shanun.

Na rubuta wa yaron ya sake aikowa, kuma ya sake. Lafiyarsa ƙalau, ya ci jarrabawa, yana tambayar wata saniya mai farin goshi ko ta haihu. Amma tun ranar da faifan ya lanƙwashe, da Baba ya fita sallar la'asar, na shiga saitin na goge A na mayar da C. Saƙo ya koma sauka a cikin kwamfuta, inda ba ruwa ba man gashi. Na so in gaya masa. Da ya dawo na ga yadda ya zauna a baranda shiru, hularsa ta koma zagaye, sai na kasa. Na buɗe durowa na ɗauko sabon faifai wanda babu komai a ciki, na rubuta "Saƙo" a jikin takardarsa da hannuna, na kai masa da hannu biyu. Na ce, "Baba, ga sabon makulli. A dai kula da ruwa."

Ya karɓa, ya juya shi, ya ce Allah ya yi mini albarka. Washegari ya zo da shi a naɗe cikin leda. Daga nan duk lokacin da ya gyaɗa kai sai ka ji ƙaras-ƙaras.

Abu ɗaya ya rage, gurnanin. Tunda manhajar ta daina neman faifan, ba za ta motsa shi ba, kuma tsofaffin baranda sun saba da jin kukansa. Sai na koyi dabara. Da Baba ya zura, in kai linzamin kwamfuta in taɓa alamar faifan a gefen gilashi, ya yi ƙurrr ɗinsa, fitila ta ƙifta, sannan in buɗe akwatin saƙo. Aka samu zaman lafiya. Saƙo bai ƙara ɓata ba, wuri bai ƙara cika ba, mai rawani ya aiko hoto na biyu ko a jikina. Idan Baba ya yi tafiya in rufe ƙofa in amsa wa babban ofis, na jama'a kuwa in bar su sai ya dawo. Baba ya ce duk albarkar leda ce, har ya fara ba sauran dattawa shawarar su riƙa naɗe takardun hularsu.

Haka muka ci gaba har aka yi girbi aka kai amfani gida. Sai wata ranar kasuwa Baba ya makara. Ya je Doguwa duba rumbunan masara, ya kamata a ce ya dawo tun shekaranjiya. Baranda ta cika, Arɗo yana ƙarshen benci. Can sai ga shi, da sabuwar hula, fuskarsa kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Sallamarsa ma ƙasa-ƙasa ya yi ta. Ya cire hular, ya warware leda, bai hure ba, bai goge ba. Da faifan ya wuce ta gaban idona na ga ba nawa ba ne. Baƙi ne dai kamar wancan, kuma an rubuta "Saƙo" a jiki, amma rubutun Baba ne, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon nawa har da 'yar lanƙwasar da nake yi wa ƙ. Sai da ya kuskure ƙofar kafin ya zura. Bai dube ni ba. Ya tsaya ya runtse ido kamar mai jiran allura.

Na taɓa alamar, faifan ya yi ƙurrr. Na buɗe akwatin. Saƙonni suka jeru reras, sababbi a sama, tsofaffi a ƙasa, har da na mai rawani.

Baba ya buɗe ido. Ya dubi gilashin, ya matso, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na dage ina gyara takarda a firinta kamar wannan ne aikin da aka haife ni dominsa. Ya kwashi takardun ya fita. Ranar ya karanta wa kowa saƙonsa yadda aka rubuta, babu gaisuwar kawu, babu sirki, kafin a ankara ya gama. Mutane suka watse suna tambayar juna ko Malam ba shi da lafiya.

Da ofis ya yi shiru ya shigo ya turo ƙofa, ya zauna a kujerar baƙi, wadda ban taɓa ganin ya zauna a kai ba.

"Biri ne," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"A Falgore. Na tsaya salla a bakin hanya, ranar na manta ban cire faifan ba, na ɗora hular a kan dutse zan shafa kai. Ina ɗagowa na gan ta a saman itace." Ya share fuska. "Na roƙe shi. Ni da furfurata, na tsaya ina ce wa biri don Allah. Na jefa masa gyaɗa, ya cinye gyaɗar, ya tafi da hular."

Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Allah ya taimake ni ban yi dariya ba.

Ya ce daga nan bai zo gida ba, Kano ya wuce, ya yi ta bin shaguna har ya samu irinsa. Niyyarsa ya zura, a ga babu komai, a ce faifai ne ya sake lalacewa. Ya fi masa sauƙi a ce haka da a ce biri yana can yana yawo da maganar 'ya'yan mutane. Ya ce kwana biyu ko abinci bai iya ci ba, yana tunanin idon Arɗo.

Sannan ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ruwan nan, Baba."

"Tun ruwan nan." Ya gyaɗa kai, ledar ba ta yi ƙara ba don tana kan tebur. "Na daina zuwa ɗaurin aure idan hadari ya haɗu. Na ɓata da wanzamina. Ina sujada ina dafe da kai kamar mai ciwon haƙori. Ashe fanko nake ɗauke da shi."

"Baba, saƙon mutane nake jin tsoro..."

"Kin yi daidai." Ya ɗaga mini hannu. "Ai shi ne abin da ya fi ciwo. Kin yi daidai. Akwatin ba ya bukatar makulli, ofis ɗin ma ba ya bukatata. Ni kaɗai ne ban sani ba."

Ya tashi. Ya ɗauki hularsa. Faifan yana nan a cikin kwamfuta, na danna ya fito, na miƙa masa. Ya dube shi kamar ba zai karɓa ba, sannan ya karɓa ya jefa a aljihu, cikin goro, ya fita. Na zauna na yi kuka mai isata, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, na fi jin haushin birin.

Ranar kasuwa ta zagayo. A tsakanin nan Baba yana zuwa ofis ya shige ɗakinsa ya rufe, ko kallon kwamfutar ba ya yi. Ranar mutane suka taru kamar kullum, kujerarsa tana baranda babu kowa a kai. Na sa an tayar da janareta, amma ban kunna komai ba. Hantsi ya ɗaga. Wata mata daga Ba'awa ta ce za ta rasa motar komawa. Wani ya leƙo ya ce, "Ranki ya daɗe, ko za a ɗan duba mana?" Na ce masa ba ya buɗuwa. Direba ya zo ya tsaya a kaina yana cewa mai yana ƙonewa a banza, in gwada mana, wa ya sani ko Allah zai sa a dace. Na ce masa idan ya iya ya zo ya zauna, idan bai iya ba ya je ya wanke motarsa. Na naɗe hannu. Ban san ko Baba zai zo ba, kuma ban san abin da zan yi ba idan bai zo ba.

Ana gab da kiran azahar ya shigo harabar a ƙasa, yana tura babur ɗinsa. Hularsa zagaye take, babu kafaɗa. Ya tsaya a bakin baranda ya dubi jama'a, ya dubi gilashin kwamfuta baƙi ƙirin ta cikin ƙofa.

"Me kuke jira tun safe?"

Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan 'yar taka ce. Ta ce wai ba ya buɗuwa sai da kai."

Baba ya dube ni. Na dubi ƙasa. Arɗo ya janye ƙafafunsa daga hanya don a wuce.

Na ji Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya sa hannu a aljihu, ya laluba, ya zaro faifan da ɓawon goro manne a jiki. Ya ɓalle ɓawon da farce, ya hure, ya goge a hannun riga.

"Ke," ya ce. "Kunna mana. Mutane sun zo daga nesa."